Ejan da garin da bai taɓa takawa ba: ta ina yake samo sanin da zai ba matafiyi shawara?

Zainab, Kano:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ofishinmu ƙarami ne, kuma kusan duk aikinmu shirya Umara ne da yankan tikiti, amma a 'yan watannin nan 'yan kasuwa sun fara shigowa suna neman mu shirya musu tafiya zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin, wasu kuma masu jinya suna tambayar Indiya da Alƙahira. Ba tikiti kawai suke nema ba, suna tambayar unguwar da ya kamata su sauka, da watan da ya fi dacewa, da inda za su sami abincin halal, da wanda zai tarbe su. Ni kuwa ban da Saudiyya babu ƙasar da na taɓa zuwa. Ta wace hanya ejan yake tara sanin garin da bai taɓa gani ba, har ya ba da shawara ba tare da ya ɗauki haƙƙin mutane ba? Ko kuwa abin da ya fi shi ne in riƙa tura su wani ofishin?

Alhaji Ɗanlami, Kano:
Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka, domin ba kowa ne yake tsayawa ya yi wannan tambaya kafin ya karɓi kuɗin mutane ba. Ra'ayina bai sauya ba tun zamanin da muke rubuta tikiti da biro: yankan tikiti daban, ba da shawara daban. Kina iya yankar wa mutum tikiti zuwa ko'ina a duniya, amma kada ki ce masa ya sauka a unguwa kaza alhali ba ki taɓa kwana a garin ba. Ki ɗauki Makka da kika sani. Sau nawa kika ga an rubuta cewa otal yana da nisan mita 600 daga Harami? Lissafin ba ƙarya ba ne, sai dai wanda ya taka wurin ya san cewa mita 600 ta ɓangaren Ajyad, inda hanya take hawa dutse, ba ɗaya take da mita 600 a kan titin Ibrahim Khalil ba, ya kuma san cewa awon yakan tsaya ne a bakin farfajiya, alhali tsohuwa mai ciwon gwiwa tana da sauran tafiya kafin ta hango Ka'aba. Babu taswirar da za ta faɗa miki daɗewar da mutum zai yi yana jiran lif bayan sallar isha'i. Gani ya kori ji.

Malam Haruna, Abuja:
Ranka ya daɗe Alhaji, maganarka a kan Ajyad gaskiya ce, amma idan muka ɗauki wannan ƙa'ida yadda ka shimfiɗa ta, mafi yawanmu za mu rufe ofis, kuma mutanen da muka kora ba wurin wanda ya je za su koma ba, za su faɗa hannun wanda bai je ba kuma ba ya jin kunyar cewa ya je. Kuɗin tikitin Sin a yau ya fi ƙarfin a ce ƙaramin ejan ya zagaya duk garin da ake tambayarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne, shi kansa ganin yana tsufa. Wanda ya yi Umara kafin faɗaɗa Harami da aka fara a 2011 zai iya kwatanta miki masaukai a unguwar Shamiyya waɗanda aka riga aka rushe. Wanda rabonsa da ƙasar tun kafin 2018 bai san jirgin ƙasa mai sauri da ke tsakanin Makka da Madina ba, bai kuma san cewa shiga Rauda yanzu sai da izinin da ake nema a manhajar Nusuk ba. Dubai ma haka: daga ƙarshen 2022 zuwa watan Yulin 2024 an daina bai wa masu fasfon Najeriya biza, jirgin Emirates ya dakatar da zuwa, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoban 2024. A tsawon wannan lokaci, ejan da ya san kowane lungu na unguwar Deira ta Dubai bai fi wanda bai taɓa zuwa ba amfani, idan na biyun shi ne yake bibiyar sanarwa.

Saboda haka ƙanwata Zainab, ki fara da abin da ba ya buƙatar tafiya ko kaɗan, wato doka. Kamfanonin jiragen sama suna dogara da wani kundi na ƙungiyarsu ta duniya, wato IATA, mai suna Timatic, wanda a cikinsa ma'aikacin filin jirgi yake duba ko zai bar fasinja ya hau. Idan ofishinku yana yankan tikiti ta Amadeus ko Sabre ko Galileo, ki nemi a nuna miki yadda ake buɗe shi. Ki sa ƙasar fasfon, da inda za a yada zango, da inda za a sauka, zai fito miki da sharuɗɗan biza, da wa'adin da ake so ya rage wa fasfo, da allurar rigakafi. Bayan haka ki gwada abin da kika gani da shafin ofishin jakadancin ƙasar. Kuma ki duba a ranar da kike yankan tikiti, ki sake dubawa ana gobe tafiya.

Hajiya Saratu, Kaduna:
Zan ɗora a kan maganar Malam Haruna ta ɓangaren da na fi sani, wato masu zuwa jinya. Na daɗe ina tura mutane Indiya kafin Allah ya nufa na je, kuma abin da ya riƙe ni a wancan lokaci shi ne littafi. Duk wanda muka tura, idan ya dawo ya huta, nakan je gaishe shi da jiki, in zauna da ɗan jinyar, domin shi ne ya yi zirga-zirgar, mara lafiya yana kwance. Ba na tambayarsa ko tafiya ta yi daɗi, domin Bahaushe zai ce miki alhamdu lillahi ko da ya sha wuya. Nakan tambaye shi nawa ya biya daga filin jirgi zuwa masauki, hawa nawa ne ɗakin kuma ko akwai lif, ko an bar su sun yi girki, ina suka sayi nama, wa ya yi musu tafinta kuma wa ya biya shi, kwana nawa likita ya ce su zauna bayan sallama kafin su hau jirgi. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi karya wa mutane lissafi, domin sukan yi kasafin kuɗin aiki da na gado, su manta da makonnin da za su yi a masauki suna komawa ana duba su. Kowace amsa nakan rubuta ta da sunan watan da shekarar. Idan mutum uku da ba su san juna ba suka faɗi abu ɗaya, na ɗauke shi. Idan mutum ɗaya ne, nakan ajiye shi a matsayin labari.

Akwai kuma abin da karatu kawai yake bayarwa, wanda wanda ya je sau ɗaya ba zai sani ba. Indiya ba yanayi ɗaya gare ta ba. Delhi tana zafi fiye da digiri 40 a watannin Mayu da Yuni, daga Nuwamba kuma hayaƙi da hazo su rufe garin, ga sanyi a Disamba da Janairu, don haka mai ciwon huhu ko asma ya kamata a gaya masa ya tattauna wannan da likitansa kafin a tsayar da gari. Mumbai damina take sha daga Yuni zuwa Satumba, ita kuwa Chennai ruwanta mai ƙarfi yana zuwa ne daga Oktoba zuwa Disamba. Wanda ya je Delhi a watan Maris zai rantse miki cewa iskar garin lafiya lau take.

Sai katin rigakafin cutar shawara. Indiya ba ta wasa da shi ga wanda ya fito daga ƙasashenmu, kuma allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta. Wanda ya sauka babu kati ingantacce ana iya killace shi har kwana 6, ki kwatanta wannan da mutumin da aka tsayar wa ranar tiyata. Bizar jinya tana buƙatar wasiƙa daga asibitin da za a je, kuma ana ba masu rakiya har mutum biyu tasu bizar ta daban. Duk waɗannan ba su buƙatar ki taɓa ganin Indiya, suna buƙatar ki zama mai karatu da bin diddigi.

Zainab, Kano:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. Batun littafin nan zan fara shi da masu dawowa daga Umara ma. Amma ina da wata tambaya: ra'ayoyin da baƙi suke rubutawa a kan otal a shafuka irin su Booking da Google, da bidiyon da ake sakawa a YouTube da TikTok, wane matsayi za a ba su? Ni dai su nake yawan dubawa.

Malam Haruna, Abuja:
Suna da amfani idan kin san yadda ake karanta su. Kada ki tsaya a kan yawan taurari. Ki jera ra'ayoyin daga na baya-bayan nan, ki karanta na waɗanda suka yi ƙorafi, ki duba ko ƙorafin iri ɗaya ne yake maimaituwa, sannan ki dubi hotunan da baƙi suka ɗauka da wayarsu, ba na otal ɗin ba. Matsalar ita ce masu rubutun nan yawanci ba abin da ya dami mutanenmu ne ya dame su ba. Bature zai yabi wurin ninƙaya da mashaya, ba zai ce komai a kan ko akwai ruwan tsarki a bayan gida ba, ko nisan masallaci, ko za a bar mutum ya tara katan ashirin a ɗakinsa. Waɗannan sai dai ki rubuta wa otal ɗin ki tambaya, ki kuma ajiye amsar a rubuce. Game da Sin kuwa, Google ba ya aiki a can, taswirarsa ta garuruwansu ma ba abin dogaro ba ce, don haka ƙarancin ra'ayi a kan wani otal ba ya nufin komai.

Isufu, Maraɗi:
Gaisuwa ga manya. Ina so in ja hankali a kan abu ɗaya kafin in faɗi nawa ra'ayin. Mu da muke bakin iyaka muna samun abokan ciniki masu fasfo iri biyu, kuma sharaɗin da ya hau kan mai fasfon Nijar ba dole ne ya zama shi ne ya hau kan mai fasfon Najeriya ba, ko da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, jirgi ɗaya kuma za su hau daga Kano. Labarin da matafiyi ya kawo miki labarin fasfonsa ne. A littafin da Hajiya ta ambata, ya kamata a riƙa rubuta wannan ma.

Amma a ganina ginshiƙin sana'ar nan shi ne mutumin da kake da shi a can. Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro ba kowannensu ne ya san Salaga ba, kuma ko madugun da ya san hanya bai san farashin da aka wayi gari da shi a kasuwa ba. Fatoma ne yake sauke su, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu sayarwa, ya tsaya musu idan rigima ta taso, domin shi mazaunin garin ne kuma mutuncinsa yana kan yadda baƙinsa suka koma gida. Manyan kamfanonin tafiye-tafiye na duniya haka suke yi har yau: a kowace ƙasa suna da kamfanin gida da yake karɓar baƙinsu, ya shirya mota da masauki da ɗan rakiya. Ejan da yake Landan yana sayar da yawon Zanzibar ba lallai ne ya je ba, yana da wanda yake kira. Aikinki Malama Zainab shi ne ki nemo irin wannan mutum a Guangzhou, ki bincika shi wurin 'yan kasuwar da suka yi hulɗa da shi fiye da sau ɗaya, ki gwada shi da ƙaramin aiki, kuma kada ki taɓa dogara da mutum ɗaya tak.

Mustafa, Guangzhou:
Salamu alaikum. An sanya ni a wannan magana, kuma yanzu dare ya yi nisa a nan, domin muna gaban Najeriya da Nijar da sa'a 7. Aikina tafinta ne da haɗa kaya zuwa kago, don haka ni ne irin mutumin da Malam Isufu yake nufi, kuma zan fara da gargaɗi a kan irinmu. Da yawa daga cikin masu tarbar baƙi suna karɓar la'ada daga shagon da suka kai mutum, wasu har daga otal. Ba haramun ba ne idan an bayyana, amma ejan ya kamata ya tambayi wakilinsa kai tsaye daga ina yake samun nasa, domin wanda ladansa yake hannun mai shago ba zai kai baƙo shagon da ya fi araha ba. Bidiyon kasuwanni da kuke gani ma, mafi yawansu talla ce ta masu neman kwastoma.

Kuskuren da na fi gani daga ejan na gida shi ne ɗaukar Guangzhou a matsayin amsar kowace tambaya. Kafin ki yanki tikiti, ki tambayi mutum me zai saya kuma nawa ne jarinsa. Mai neman tayil da kujeru da gadaje Foshan zai nufa, wadda take maƙwabtaka da mu. Mai neman waya da kayan gyaranta Shenzhen ce tasa, kasuwar Huaqiangbei. Fitilu suna Guzhen. Ƙananan kaya irin su sarƙa da ɗan kunne da kayan wasan yara da na kicin, babbar kasuwarsu tana Yiwu, a lardin Zhejiang, tafiyar sa'o'i ce a jirgin ƙasa mai sauri daga nan. Yadi akwai shi a kasuwar Zhongda a cikin gari, akwai kuma Keqiao ga mai sayen da yawa.

Sannan lokaci. Baje kolin Canton, wanda ake yi tun 1957, yana ci sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, da kuma daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, a unguwar Pazhou. An kasa shi zango uku, kowanne da irin kayansa: na farko injina da kayan lantarki, na biyu kayan gida da na ado, na uku tufafi da yadi da takalma da makamantansu. Na sha ganin mai sayen takalma an turo shi a zangon injina. Kuma bajen kolin na masu ba masana'anta odar kwantena ne, mai ƙaramin jari da yake son ya saya ya ɗauka babu abin da zai ƙaru da shi sai tsadar otal, domin a makonnin nan kuɗin ɗaki yana tashi sosai. Kada ki turo kowa a lokacin sabuwar shekarar Sinawa, wadda take faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, domin masana'antu da kasuwanni sukan rufe na makonni. Makon farko na Oktoba ma hutu ne na ƙasa.

Abin da ya shafi zaman yau da kullum: WhatsApp da Facebook ba sa buɗewa a layin nan, don haka a sauke WeChat tun daga gida a kuma koya wa iyali. Kusan komai da waya ake biya, ta WeChat ko Alipay. Doka ta ce baƙo ya yi rajistar inda ya sauka cikin sa'a 24, otal yakan yi masa, amma wanda ya sauka a gidan wani sai shi ko mai gidan ya yi rajistar a wurin 'yan sanda, kuma sakaci da wannan yana jawo tara. Unguwar Xiaobei ita ce aka fi sani da Musulmi da 'yan Afirka da gidajen abincin halal, sai dai wanda ya san ta shekara goma da suka wuce zai tarar ta rage cika, musamman bayan abin da ya faru a Afrilun 2020, lokacin korona, da aka fitar da 'yan Afirka da dama daga masaukansu. Akwai masallacin Huaisheng, wanda yake cikin mafi daɗewa a ƙasar, akwai kuma babban masallacin da muke yin Juma'a, kusa da kabarin da ake cewa na Sa'adu bin Abi Waƙƙas ne.

Malam Abdulhadi, Zariya:
Allah ya saka wa Mustafa da alheri, kuma na ji daɗin yadda ya ce "ake cewa". Abin da malaman tarihin Musulunci suka tabbatar shi ne Sa'adu, Allah ya ƙara masa yarda, ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina, aka binne shi a Baƙi'a. Na taɓa ganin takardar talla ta wani kamfani da ta sa ziyarar wannan kabari a matsayin tabbataccen abu, kuma wannan shi ne irin zamewar da ejan yake yi idan ya kwafi abin da ya ji bai tace ba.

Tambayar Zainab tana da asali a fiƙihu, domin malaman Malikiyya sun yi magana a kan sayar da abin da ba ya nan ta hanyar siffanta shi. Sun halatta shi, da sharaɗin siffar ta zama cikakkiya yadda za ta kawar da jahilci. Idan kaya ya zo daidai da siffa ciniki ya tabbata, idan ya saɓa mai saye yana da zaɓin fasawa. Sun kuma yi taka-tsantsan a inda za a biya kuɗi tun kafin a gani alhali mai sayarwa ne kaɗai ya yi siffar. Wani abin da ya dace da saɓanin Alhaji da Malam Haruna shi ne, sun yarda a yi ciniki a kan ganin da aka yi a baya, amma sai idan abin ba ya sauyawa a tsawon lokacin da ya shuɗe. Ke nan ko a wurinsu tsohon gani ba hujja ba ne a kan abin da yake canzawa. Hadisi kuma ya zo cewa wanda aka nemi shawararsa an ba shi amana ne. Abin da na fahimta shi ne, rashin zuwa ba ya hana ki ba da shawara, abin da yake haramun shi ne ki bar mutum ya zaci kin je. Ki ce masa wannan doka ce na karanta ta yau, wannan wakilinmu ne ya faɗa, wannan kuma wata Hajiya ce da ta dawo a watan jiya ta ba ni labari.

Alhaji Ɗanlami, Kano:
Malam ya kawo hujja, kuma ba ni da ja a kan fiƙihu. Na yarda cewa doka da lokaci da yanayi ana sanin su daga zaune. Amma ku lura da cewa duk bayanin da ya fi ƙima a wannan zaure ya fito ne daga bakin Mustafa, wanda yake zaune a can. Ina nan a kan cewa garin da ejan yake tura mutane a kai a kai, wajibi ne ya tara kuɗi ya je, ko da sau ɗaya ne. Dalilina shi ne wanda bai taɓa zuwa ba bai san ma tambayar da ya kamata ya yi ba. Hajiya Saratu ta san ta tambayi hawan bene da girki ne saboda ta yi jinya a rayuwarta, amma akwai abubuwan da sai ka tsaya a layin jami'an shige da fice, gajiye, ba ka jin yaren kowa, sannan za ka san cewa dattijon da ka turo yana buƙatar a rubuta masa adireshin otal da rubutun Sinanci a takarda, ba a waya ba.

Kuma idan za a je, a je yadda kwastoma yake zuwa. Na halarci irin ziyarar da kamfanonin jirgi da hukumomin yawon buɗe ido suke shirya wa ejan kyauta. Ana sauke ku a otal mafi tsada, mota tana jiranku, ana nuna muku ɗakin da aka gyara domin ku. Ba na cewa ba ta da amfani, ana haɗuwa da mutane ana karɓar lambobinsu, amma wanda ya dawo daga irin wannan ziyara bai san garin da mai sayen atamfa daga Kantin Kwari zai sauka a cikinsa ba.

Hajiya Saratu, Kaduna:
A nan ina tare da Alhaji. Da na je Indiya daga baya, abin da na ƙaru da shi ba sababbin bayanai ba ne, yawancinsu suna littafina. Abin da ya sauya shi ne yadda nake auna su, na gane wanne ne ƙaramin abu, wanne ne yake iya sa ɗan jinya kuka. Amma hanyar zuwan tana da sauƙi fiye da yadda ake zato: idan kin haɗa ayarin 'yan kasuwa masu yawa, ki nemi kamfanin jirgin ya ba ki farashin rukuni, ki sa kuɗin rakiya a fili cikin lissafin, ki bi su a matsayin jagorar tafiya tare da wakilinku na can. Masu zuwa karon farko sun fi son haka.

Malam Haruna, Abuja:
Ƙari a kan hanyoyin karatu, ga wanda yake son takarda: hukumomin yawon buɗe ido na wasu ƙasashe suna da darussa na intanet domin ejan, irin su Dubai Expert, da SA Specialist na Afirka ta Kudu, da Aussie Specialist na Ostareliya. Suna koyar da taswirar ƙasa da lokutan shekara da yadda ake tsara kwanaki, sai dai a tuna cewa mai talla ne ya rubuta su, kuma an yi su ne domin masu yawon shaƙatawa, alhali mutanenmu yawanci ibada ko kasuwa ko jinya ko karatu ne yake fitar da su. Wakilan kamfanonin jirgi da suke Kano da Abuja ma a riƙa amfani da su, domin su ne suka san abin da ya shafi yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha: sa'a nawa ne jiran, wa ya cancanci otal, kilo nawa aka yarda, kuma nawa ne kuɗin abin da ya ƙaru. Ɗan kasuwa yakan yafe wa ejan munin ɗaki, amma ba ya yafe kuskuren kilo. Tarukan NANTA, ƙungiyar ejan tafiye-tafiye ta Najeriya, da na AHUON, ta masu shirya Hajji da Umara, kuma nan ne ake jin wane wakili ne ya ci amanar wani.

Isufu, Maraɗi:
Tunda kowannenmu yana da garin da ya sani da wanda bai sani ba, ina ba da shawarar mu buɗe kundi ɗaya na wannan zaure, kowane gari da shafinsa, a bisa tsarin littafin Hajiya. Sharaɗin kawai shi ne duk wanda ya sa bayani ya rubuta ranar, da irin fasfon, da kuma ko da idonsa ya gani ko faɗa masa aka yi. Abin da ya shekara ba a sabunta ba a yi masa alama. Ni zan ɗauki Kotono da Lome da Istanbul.

Zainab, Kano:
Na amince, kuma zan ɗauki aikin tsara shafukan idan manya sun yarda. Yaya Mustafa, akwai wata Hajiya mai sayar da kayan kicin da take son tafiya a makon farko na Oktoba, kuma da Guangzhou na yi niyyar yankar mata. Bisa bayaninka, ina ganin ranar da garin duk suna buƙatar gyara.

Mustafa, Guangzhou:
Ki ɗaga mata zuwa bayan hutun, kuma ki tambaye ta ko tukwane da manyan kaya take nufi ko ƙananan tarkace irin su cokula da robobi, domin idan na biyun ne Yiwu ta fi mata. Idan ta zaɓi nan Guangzhou, ki kama mata ɗaki tun yanzu kafin farashin baje koli ya hau, ki kuma sa otal ɗin ya tabbatar miki a rubuce cewa yana karɓar baƙi 'yan ƙasar waje. A 2024 hukumomi sun hana otal-otal korar baƙo da wannan hujja, amma har yanzu akan sami ƙananan da suke kawo uzuri idan mutum ya iso da dare. Ki turo mini hoton irin kayan da take sayarwa, da safe zan zagaya in tambayo farashin katan.